Rumfar gwanjon Sabon Gari da nake tsinto rigunan hokin ƙanƙara

Akwai wata rumfa a cikin kasuwar Sabon Gari, can layin masu kayan sanyi, hunturu uku kenan ina zarya wurin, kuma ba suwaita ko jaket ke kai ni ba, rigunan hokin ƙanƙara nake tarawa, wasan nan da ake bugawa da sanda a kan daskararriyar ƙanƙara. Eh na sani, a Zariya, garin da ba ma ganin ƙanƙara sai a firji ko in ruwan farko ya zo da ita tana dukan kwano. Abokaina har sun gaji da yi min dariya.

Farkon abin tsautsayi ne, na je neman abin da zan riƙa sakawa in zan fita Samaru da sassafe, sai na zaro wata ƙatuwar riga ruwan ɗorawa mai kambin sarauta uku shuɗaye a ƙirji, hannunta kamar na babbar riga, Alhaji mai rumfar yace ai wannan ta ƙarti ce tunda ba mai so kawo 3,500. Sai da na koma gida na bincika na gane ta ƙasar Suwidin ce, ƙungiyar da suke kira Tre Kronor, wato kambi uku, kuma girman nata ba kuskuren tela ba ne, a kan sulken kafaɗa da na gwiwar hannu ƴan wasan ke ɗora ta. Tun daga ranar na kamu.

Abin da ya sa nake son wurin, Alhaji da nauyi yake wa kaya kuɗi, in riga ta yi kauri tana maganin sanyi to tana da tsada, in shara-shara ce ya sake ta da araha, babu ruwansa da wace ƙasa ce ko lambar wa ke baya. Kuma mutum ne mai haƙuri wallahi, ranar da aka fasa dila zaka tsuguna ka yi awa ɗaya kana tono ba zai ce maka komai ba, wani lokacin ma ya tura maka benci. A haka na samu jar rigar Kanada mai lamba 87, ta Sidney Crosby, wanda ya ci ƙwallon da ta ba su zinare a kan Amurka a Olamfik ɗin Vancouver na 2010. Ɗinkin Nike ce, ta ƴan kallo ce dai ba ta fili ba, amma tsaf take ko zare bai tashi ba, 6,000 na biya. Hajiyarmu da ta ga ganyen da ke gaban tace wannan ai ganyen kuɓewa ne, wani mai keke kuma a Kwangila ya dinga kallona yana murmushi, daga baya na gane shi wani ganyen daban ya ɗauka.

In zaka je to ka san abin da zaka duba dan shi ba zai faɗa maka ba, bai ma sani ba. Ka juya rigar ciki, in tambari da lamba ɗinka su aka yi zaka ga sawun zare, in mannawa aka yi da zafi cikin sumul yake. Irin ta ƴan wasa tana da wata ƴar igiya mai maɓalli a ciki ta baya da ake maƙalawa a wando, saboda in faɗa ya kaure kar a zare wa mutum riga ta kai, kuma wasan nan ana dambe a cikinsa ba kaɗan ba. Sannan girmanta da lamba ake rubutawa, 52 ko 54 ko 56. Duk zaryata sau ɗaya na ci karo da mai igiyar nan, ita ma wani ya riga ni ɗagawa, ina ji ina gani ya saya wai zai riƙa kwanan shago da ita.

Yanzu bari in faɗi inda suka ɓata min rai. Bara na zaro wata ja mai farin rubutu CCCP, rigar Tarayyar Sobiyet, su ba haka ma suke karantawa ba, a haruffansu SSSR ne. Duk mai tara kayan nan ya san nauyin rigar, irinta suka saka a wasu daga cikin wasanni 8 da suka buga da Kanada a 1972, wanda ɗan wasan Kanada Paul Henderson ya raba gardama ana saura daƙiƙa 34 a tashi wasan ƙarshe a Mosko, rigar da shi Henderson ya saka ranar an yi gwanjonta a 2010 sama da dala miliyan ɗaya. To ni sai na kasa riƙe fuskata, yaron shagon ya lura, ya je ya raɗa wa Alhaji wani abu, nan take riga ta tashi daga 4,000 ta koma 12,000. Nace haba Alhaji, ni da nake cinikinka shekara da shekaru? Yace Malam ai kai ka san abin da ka gani, mu ma a bar mu mu ci albarkacin iliminka. Na biya fa, zumuɗi ya hana ni juya ta, ga rumfar duhu ko kwan fitila babu. Wanki ɗaya C ta farko ta fara ɓarewa, a hammata kuma ga yaga an kama da baƙin zare. Ƙasar ta rushe tun 1991, ita kuwa rigar daga ganin yadinta ba ta kai shekara goma ba, kwaikwayo ce kawai. Da na mayar yace gwanjo ba a dawo da shi, sai dai ya rage min a gaba, kuma ya rage ɗin amma 1,000 kacal. Rabin laifin nawa ne na yarda, amma yagar nan sun san da ita.

Warin maganin dila ma yana nan, sai ka jiƙa kwana ɗaya ka shanya a inuwa, kuma dan Allah kar ka ba mai wanki ba tare da ka ja masa kunne ba, nawa ya ɗora dutsen guga a kan lambar wata ta Finlan mai zaki a gaba ta narke ta manne.

Wadda nake nema yanzu ta Jamhuriyar Cek ce mai lamba 68, ta Jaromir Jagr, ya zaɓi lambar ne saboda 1968 shekarar da tankokin Sobiyet suka shiga Prague babban birninsu, kuma da ita ya ci zinare a Olamfik ɗin Nagano na 1998. Na rubuta lambar a kwali na bar wa yaron da lambar wayata. Satin da ya wuce ya kira ni yana haki wai Yaya ta fito maza ka zo kar a ɗauke, na bar abin da nake yi a Kongo na hau keke har Sabon Gari, ina zuwa ya miƙo min 68 ɗin kuwa, amma ta ƙwallon Amurka ce mai gajeren hannu, ga shi ya riga ya hana mutum biyu saboda ni. Na ba shi 500 na shan ruwa, na ƙara masa a jikin kwalin cewa mai dogon hannu.