Motocin hayar Kano zuwa Daura: abin da fasinja ke samu a hanyar mahaifar tsohon shugaban ƙasa

Duk wanda ba shi da motar kansa kuma yake son zuwa Daura daga Kano, hanyar da aka fi bi ita ce: ya je tasha ya shiga ƙaramar motar haya, wadda za ta bi da shi ta Dambatta, ta ratsa Kazaure a jihar Jigawa, ta shiga jihar Katsina ta wajen Sandamu, kafin ta sauke shi a birnin Daurama. Harkar kasuwanci ke sa ni bin wannan hanya lokaci zuwa lokaci, kuma na ga ya dace a auna wannan sufuri da ma'aunin da ake auna kowace hidima da mutum ke biya da kuɗinsa, musamman da yake shi ne ke haɗa babbar cibiyar kasuwancin Arewa da garin da ya haifi Muhammadu Buhari, wanda ya mulki Najeriya da kaki daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985, ya kuma dawo ta hanyar zaɓe daga 2015 zuwa 2023. Mutane da yawa a wasu sassan ƙasar nan sun ɗauka cewa an kwashe dukiyar tarayya an zuba a Daura, kuma kujerar fasinja wuri ne mai kyau na gwada wannan zance.

Abin da ya fi cancantar yabo a wannan layi shi ne samuwar mota. Daga bayan sallar asuba har zuwa la'asar sakaliya da wuya mutum ya je tasha ya tarar babu motar da ke lodi, kuma tsarin layi da ƙungiyar direbobi ke bi yana hana rububin da ake gani a wasu wurare, inda 'yan kamasho ke fizgar jakar fasinja kowa na ja zuwa motarsa. Ana rubuta suna da lambar waya a takardar fasinjoji kafin a tashi, abin da ke ba da ɗan kwanciyar hankali idan wani abu ya faru a hanya. Wanda ya yi sammako yakan samu motar ta cika cikin ɗan lokaci, domin 'yan kasuwa da ɗalibai da ma'aikatan da ke komawa bakin aiki duk a lokacin suke fitowa. Wanda ya makara har rana ta take kuwa zai iya daɗewa a zaune yana jiran cikon mutum ɗaya ko biyu, sai dai idan fasinjojin sun yarda su haɗa kuɗin kujerar da ta rage.

Motocin kansu su ne inda hidimar ta fi rauni. Yawancinsu tsofaffin Golf ne da Sharon da aka shigo da su bayan sun gama aiki a Turai, kuma a nan ake ɗora masu nauyin da ba a ƙera su domin shi ba. Ana sa mutum biyu a kujerar gaba kusa da direba, huɗu a kujerar da aka yi wa mutum uku, sannan a cika bayan motar da buhuna da kwalaye har murfin ya ƙi rufuwa, a ɗaure shi da igiyar roba. Na taɓa zama kusa da wata dattijuwa da ke kai jikanta asibiti, yaron na kan cinyarta, ledar magungunansa na rataye a wuyan hannunta, ƙafafunta kuma na kan galan ɗin manja na wani fasinja, ba ta samu damar miƙe su ba har muka isa Kazaure, inda direba ya tsaya shan mai. Ba ta yi ƙorafi ba, domin a wurinta haka tafiya take, amma mutumin da ya biya cikakken kuɗin kujera yana da haƙƙin a ba shi cikakkiyar kujera. Wanda ke da hali yakan biya kuɗin mutum biyu ya zauna shi kaɗai a gaba, kuma wannan ita ce shawarar da zan ba duk mai ciwon baya ko mai ɗauke da kwamfuta.

Direbobin layin, a iya abin da na gani, mutane ne da suka san hanyarsu ciki da bai, suna da haƙuri da tsofaffi, suna tsayawa idan lokacin salla ya yi, kuma amanarsu wajen kai saƙo ta sa 'yan kasuwa da yawa ba sa ma tafiya da kansu, sai su ba da kaya da lambar wayar mai karɓa. Aibinsu shi ne gudu, musamman ga wanda ke son ya yi sawu biyu a yini, da kuma amsa waya ana cikin tafiya. Idan fasinja ya ce, "Direba, a yi a hankali, akwai yara a motar nan," wasu kan sassauta, wasu kuma su ce lokaci ne ke korarsu, kuma gaskiya ne cewa kuɗin da direba zai kai wa mai mota da yamma ba ya raguwa don an tsaya a hanya.

A nan ne maganar mahaifar shugaban ƙasa ke shigowa, domin ingancin tafiya ya dogara da titin da ake bi. Titin Kano zuwa Daura, wanda ya zarce har Kongolam a kan iyakar Nijar, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 130, kuma kusan duk shekaru takwas na mulkin Buhari ya kasance titi ne guda ɗaya da masu zuwa da masu dawowa ke bi tare, inda ƙananan motoci ke gogayya da tireloli da motocin shanu masu zuwa kasuwannin Dambatta da Mai'aduwa. Sai a ƙarshen wa'adinsa na biyu aka fara aikin mayar da shi tagwaye, a ƙarƙashin tsarin da ke ba kamfani damar gina titi a cire masa kuɗin daga harajin da zai biya, kuma ya sauka daga mulki aikin bai kammala ba. Abin da fasinja ya daɗe yana gani shi ne ƙura da ratse inda ake karkatar da motoci, da wuraren da sabuwar kwalta ke ba da daɗin tafiya na ɗan lokaci kafin a sake faɗawa tsohuwa. Haka labarin jirgin ƙasa yake. A watan Fabrairun 2021 aka kafa harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil, kuma an tsara ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. An yi ta ce-ce-ku-ce a kansa a jaridun Legas, ana cewa son kai ne da son dangin da ke ƙetaren iyaka, alhali hanya ce ta fatauci da ta girmi Najeriya da Nijar gaba ɗaya. Ko ma dai me aka ce, mutumin Daura bai hau wannan jirgi ba a zamanin ɗan garinsu.

Sai dai ba adalci ba ne a ce garin bai samu komai ba, kuma cikin motar ma ana ganin shaidar hakan. Fasinjojin da ake tafiya da su yanzu sun bambanta da na da. Akwai ɗalibai da malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019, akwai masu zuwa asibitin Rundunar Sojan Sama da aka buɗe a wannan shekarar, akwai iyalan sojojin bataliyar da aka girke a garin, akwai kuma masu hulɗa da Jami'ar Sufuri, wadda aka kafa harsashinta a watan Disamban 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina ta a matsayin gudummawa. Waɗannan cibiyoyi sun kawo albashi da 'yan haya da masu sayen abinci, sun ɗaga darajar filaye a bakin gari, sun kuma ƙara wa direbobin layin fasinja a ranakun da a da motoci ke wuni ba su cika ba. Wannan amfani ne na haƙiƙa wanda zai daɗe, domin makaranta da asibiti ba sa tashi idan mai mulki ya sauka. Abin da ke damuna shi ne, garin da aka gina wa jami'a sukutum domin nazarin sufuri har yanzu ba shi da tsararriyar motar fasinja mai tashi a kan lokaci, wadda za ta ba kowa kujerarsa.

Ba Daura ce farau ba a wannan al'ada. Goodluck Jonathan ya kai jami'ar tarayya ƙauyensu Otuoke a 2011, Houphouët-Boigny ya mayar da mahaifarsa Yamoussoukro babban birnin Kodebuwa a 1983, Mobutu na Zayar (Kongo ta yau) kuma ya gina fadoji da filin jirgin sama a garinsu Gbadolite, waɗanda suka zama kufai bayan faɗuwarsa. Idan aka kwatanta da waɗannan biyun na ƙarshe, abin da aka yi a Daura ƙarami ne, kuma ya fi kusa da buƙatar jama'a.

Kuɗin mota kuwa ya nuna ɗaya fuskar lamarin, wato cewa manufofin gwamnatin tarayya ba su san garin shugaba ba. Rufe iyakokin tudu da aka yi daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya bugi masarautar Daura fiye da wurare da yawa, domin ƙananan hukumominta irin su Mai'aduwa da Zango da Baure a bakin iyaka suke, cinikinsu da auratayyarsu duk sun haɗe da mutanen Damagaram. Direbobi suna ba da labarin yadda lodin kaya ya ragu a lokacin, shingayen bincike kuma suka ƙaru. Har yanzu yawan tsayawa a shingaye na cikin abubuwan da ke tsawaita tafiyar, musamman ga motar da ta fito daga wajen iyaka ta nufi Kano, inda ake bubbuga buhuna ana tambayar abin da ke ciki, direba kuma ya miƙa abin da ya saba miƙawa, wanda a ƙarshe daga aljihun fasinja yake fita. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sa mutane sun yi ta cirko-cirko a tasha da kuɗi a asusu babu na hannu, kuma daga lokacin ne direbobi da yawa suka fara karɓar taransifa, abin da ya zama sauƙi a yau. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Buhari ya miƙa mulki ya koma gida, kuɗin motar ya yi tashin da ya sa wasu masu ƙaramin ƙarfi suka rage zuwa ganin dangi, kuma yakan ƙara hawa a jajibirin salla da lokacin bikin Sallar Gani, sa'ad da garin ke cika da baƙi.

Ta fuskar tsaro, wannan hanya tana cikin waɗanda hankali ya fi kwanciya da su a jihar Katsina, kuma wannan babban abin yabo ne ga duk wanda ya san halin da matafiya ke ciki a yankunan Batsari da Safana da Faskari da Jibiya. To amma wannan bambanci shi kansa yana nuna iyakar amfanin da ake magana a kai. Jiha ɗaya ce, ita ce kuma ta ba Najeriya shugabanni biyu, Umaru Musa 'Yar'aduwa daga 2007 zuwa 2010 da kuma Buhari, amma a watan Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daidai lokacin da shugaban ƙasa ke hutu a Daura. Ko a cikin Daura ma, a watan Mayun 2019 'yan bindiga sun ɗauke Magajin Gari daga ƙofar gidansa, sai bayan kimanin wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Manomin da aka kora daga gonarsa a yammacin jihar ba zai yarda cewa yankinsu ya ci moriyar mulki ba, kuma yana da gaskiya, domin abin da aka samu ya taru ne a gari ɗaya da kewayensa.

Hukuncina a kan wannan sufuri shi ne, yana kai mutum inda za shi cikin aminci gwargwado, a kan lokacin da ba a iya ƙayyadewa, cikin matsin da bai kamata a ci gaba da karɓa ba. Mai niyyar tafiya ya fita da sassafe, ya shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta suna maimakon tsayar da ta bakin titi don ragin kuɗi, ya duba tayoyin motar kafin ya biya, ya kuma yi ciniki a kan kuɗin kayansa tun kafin a ɗaure su, domin bayan an ɗaure magana takan canza. Ya guji tafiyar dare, saboda manyan motoci da wuraren da ake aiki ba su da isassun alamu. Ƙungiyar direbobi kuma tana da ikon gyara babban aibin layin ba tare da jiran Abuja ba, idan ta tsayar da dokar mutum ɗaya a gaba da uku a baya, ko da a wasu motocin ne da za a ware wa masu son biyan ɗan ƙari, domin ɗalibai da ma'aikatan da sababbin cibiyoyin suka kawo sun isa su cika irin waɗannan motoci kowace safiya.