Kwaɗon roba ko Zara Spook: in bas ya kawo hari ya kuskure

Malam, na ga tambayarka ta jiya. Ka ce ka fita fatsa da asuba a wani tafki kusa da Atlanta a Amurka, kifin bas, wani kifi mafarauci na can, ya yi ta kawo wa kotonka na saman ruwa hari, ruwa na fantsama, amma da ka fizga sai koton ya dawo maka ba kifi. Ka gwada kwaɗon roba, ka gwada Zara Spook, koton nan mai siffar sigari da ke rawa a saman ruwa, ka ce duk kanwar ja ce, kana son sanin wanne ya fi kamu da abin da za ka gyara.

A ganina ba kanwar ja ba ce. Matsala biyu ce masu kama da juna, kuma abin da ke gyara ta kwaɗo shi ke ɓata ta Spook.

Inda suka haɗu shi ne yadda bas ke cin abinci. Ba cizo yake yi ba, zuƙa yake: ya wangale baki, ya buɗe kumatu, ruwa ya kwarara ciki tare da abin da ke gabansa. A ƙasan ruwa da wuya ya kuskure. A sama kuwa har da iska yake zuƙa, kuma ruwan da ya turo da gudunsa yakan ture koton gefe. Sai ka ji facal, gabanka ya faɗi, alhali bakin kifin wayam. Mu da muka tashi da fatsar tarwaɗa da karfasa, tana a ƙugiya, hannunmu ya saba da cewa da an ga motsi a fizga. Wannan sabon ne ke cin mu a nan, don ido ne ke ba hannu umarni tun kafin zare ya yi nauyi.

Ɗauki kwaɗo tukuna. Ƙugiyarsa biyu ce, masu kauri, kwance a gadon bayansa, tsininsu manne da robar. Shi ya sa yake ratsa bado da ciyawa bai maƙale ba, kuma shi ya sa yake da wuyar kamu: sai kifi ya rufe baki ya danne robar sannan tsinin ya fito. To dole ka ba shi lokaci. Da ya kawo hari, sauke kan sandarka, naɗe rarar zare, ka dubi wurin. Kwaɗon ya ɓace? Zare ya fara tafiya gefe? In ka ji nauyi, to yanzu fizga sama da duk ƙarfinka, ka ɗago kansa daga ciyawa ba tare da ka sassauta ba. Wasu sukan ce a ƙirga ɗaya, biyu. Ni ban cika yarda da ƙirga ba, don wani kifin ya haɗiye tun a ɗaya, wani har uku yana lalube. Nauyin nan shi ne shaida. Wannan aiki sai sanda mai tauri da kitsattsen zare na fam 50 zuwa 65 (nauyin da yake ɗauka kafin ya tsinke), wanda ba ya miƙewa kuma yana yanka ciyawa. Irin kayan da ake riƙewa ke nan a tafkin Guntersville na Alabama, inda ciyawa ke shimfiɗuwa a kan ruwa kamar tabarma.

Shi kansa kwaɗon yana son gyara kafin ya shiga ruwa. Sa filaya ka ɗan ɗaga tsinin ƙugiyoyin daga jikin robar, kaɗan kawai, in ka zarce zai koma kwasar ciyawa. Rage gashin ƙafafunsa da almakashi, don kifi ya daina kama jela. Kuma bayan jifa kaɗan ka matse shi ruwan cikinsa ya fita. Kwaɗon da ya sha ruwa ba ya lotsawa da kyau, balle tsinin ya fito.

Spook kuwa, wanda kamfanin Heddon ya fitar tun 1939, akasin haka yake. Ƙugiyoyinsa sirara ne masu baki uku, suna lilo a fili, kifi kan soke kansa da kansa. Fizgar da ke yi wa kwaɗo amfani a nan ɓarna ce: ko ta yage leɓen kifin, ko ta harbo maka koton a fuska da tsini shida ko fiye. Na taɓa kaucewa ɗaya da ƙyar, ya maƙale a hulata, tun ranar ba na fita ba tabarau. Abin yi shi ne kada ka fizga sam. Ci gaba da sa shi rawarsa ta hagu da dama kamar ba ka ga komai ba, har sandar ta lanƙwasa, sannan ka ja gefe a hankali kana naɗewa. Sanda mai ɗan laushi ake so, da zaren nailan na fam 12 zuwa 17, wanda ke yawo a sama kuma yana ɗan miƙewa. Zaren fulorokabon kuwa nutsewa yake, yana dulmiya hancin koton ya kashe rawar. Gwada tsinin kowace ƙugiya a farcenka. Wadda ta zame ba ta kafe ba, canza ta. Ta baya kuma sa mai gashin tsuntsu, tana ba kifin abin da zai saita.

Bayan kuskure ma sun bambanta. Kwaɗo ka bar shi a ramin da kifin ya huda cikin ciyawa, ka ɗan girgiza shi, sau da yawa yana nan ƙasa yana neman abin da ya subuce masa. Spook a buɗaɗɗen ruwa kada ka tsayar da shi, musamman ga bas mai ɗigo-ɗigo na tafkin Lanier da ke kusa da Atlanta, masu farauta a garke. In ka tsaya sun ƙare masa kallo sun watse, in ka ci gaba wani ya riga wani. Kuma ka ajiye sanda ta biyu a gefe da tsutsar roba irin Senko, ba dalma, ka jefa cikin da'irar da harin ya bari kafin ta baje.

Wanne ya fi kamu? Spook, nesa ba kusa ba, matuƙar ruwan a buɗe yake. Kwaɗo na wurin da ƙugiya mai baki uku ba ta iya shiga ne, kuma ko gwani yana asarar kifi da shi. In tafkinka ba bado ba ciyawa, mayar da kwaɗon cikin akwati. In kuma ka gyara hannunka amma har rana ta ɗaga suna ta marin koton da rufaffen baki, ɗaura ƙarami, ko ka koma wanda ke tafiya a ƙasan ruwa. Fita ta gaba ka lura mana ko koton yana nan a sama bayan fantsamar ko ya nutse, ka zo ka ba mu labari.