Zura duwatsu a zare ko naɗe su da waya: wanne za ki fara?

'Yar uwa, kin ce kin tara duwatsun ado masu ɗan dama, kina son ki fara haɗa abin wuya, abin hannu da 'yan kunne da kanki, amma kin rasa ta inda za ki ɓullo: ki zura su a zare, ko ki koyi naɗe su da waya. Duka biyun na taɓa. Ɗaya ya sa na yi rarrafe a ƙarƙashin gado ina tsintar duwatsu, ɗayan kuma ya bar min tabo a babban yatsa.

Zurawa ita ce mai saurin faranta rai. A zama ɗaya za ki gama abin hannu ki saka. Zaren roba mai kaurin milimita 0.8 ko 1 ya ishe ki, sai dai ki ja shi sau da yawa kafin ki fara zurawa, in ba haka ba bayan kwana kaɗan zai saki, ki ga rata tsakanin duwatsun. Abin wuya kuwa ya fi son wata igiya da ake murɗawa da siraran silin ƙarfe mara tsatsa, a lulluɓe ta da nailan. Za ki ga an rubuta 7, 19 ko 49 a jikin ƙunshinta, yawan silin ke nan. Mai 49 ta fi laushi, tana kwanciya luf a wuya, mai 7 kuwa da zarar ta lanƙwashe ba ta komawa daidai. Ba a ƙulla wannan igiyar, ɗan ƙaramin bututun ƙarfe ake zura mata a matse da filaya.

Matsalar zurawa guda ce, amma babba: duk duwatsun a kan layi ɗaya suka dogara. Sarƙar da na fara yi, ban lura cewa bakin hudar wani dutsen gilashi yana da kaifi ba. A hankali ya riƙa cin zaren, ran nan ina sunkuyawa sai na ji tas, duwatsu suka watse ko'ina. Har yau ban ga wasu ba. Shi ya sa masu haɗa lu'ulu'u suke zura shi a zaren siliki su yi ƙulli bayan kowace ƙwaya. In ya tsinke ɗaya ce za ta faɗi, kuma ƙwayoyin ba sa gugar juna.

Aikin waya daban yake. Kowane dutse da nasa guntun waya, da ɗan zobe a kowane gefe, sai a sarƙafa su da juna. In wuri ɗaya ya samu matsala, nan kaɗai za ki gyara. Kuma akwai abin da zurawa ba za ta taɓa yi miki ba: dutsen da ba shi da huda, waya kuwa za ta rungume shi ta mai da shi abin ratayawa. 'Yan kunne ma kusan duk aikin waya ne.

Sai dai waya tana da rigima, kuma farkon rigimar lambarta ce, don a juye take tafiya: lamba na ƙaruwa, waya na ƙara siranta. Lamba 18 kusan milimita 1 ce, da ita ake ƙugiya da ƙashin aiki. Lamba 20, wajen milimita 0.8, ita ce ta yau da kullum, ita ake yin maratayin ɗan kunne da ita. Lamba 24 kusan rabin milimita ce, tana shiga ƙananan hudoji. Su 26 da 28 kuwa na naɗi ne da saƙa a kan mai kauri. Ki gwada wayar a hudar dutsenki kafin ki yanka komai.

Abu na biyu da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: ƙarfe yana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa shi. Wannan alheri ne, don shi ke sa zoben da kika yi ya riƙe siffarsa. Amma in kika yi ta kwancewa kina sake naɗawa a wuri ɗaya, sai ki ji wayar ta ƙi biyuwa, daga nan ta karye. Zare yana yafe kuskure, ki zare ki sake jerawa sau goma. Waya ba ta mantuwa.

Wane ƙarfe? Ki koya da jan ƙarfe. Yana da laushi, kuma ba za ki ji ciwon zubar da wanda kika ɓata ba. Aibinsa, in ya haɗu da gumi yakan bar kore a fata, wanda sabulu ke wankewa. Azurfa mai tambarin 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce sauran kuma galibi jan ƙarfe, ki bar ta sai hannunki ya faɗa. Mai ruwan azurfa a sama kawai, filaya mai haƙora tana kankare ta, jan cikin ya leƙo. Maratayin ɗan kunne kuwa ki tabbata babu nikel a cikinsa, shi ne yake sa kunnen mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje.

A wajen kayan aiki, zurawa almakashi da filaya ɗaya sun wadatar. Waya tana son uku: filaya mai zagayayyen baki, mai lafaffen baki mara haƙora, da ta yanka.

Da ni ce ke, abin wuya da na hannu zan fara da zurawa, don idona ya saba da haɗa launi da girman duwatsu. Amma tun a makon farko zan koyi abu ɗaya na waya, wato naɗaɗɗen zobe. Ki zura dutse a waya lamba 22 ko 24, ki ɗan naɗe ƙarshenta na ƙasa don kada dutsen ya zame, ki bar ɗan fili a samansa, ki lanƙwasa wayar gefe. Ki kama da filaya mai zagayayyen baki, ki zagayo da wayar ta bi bakin ta zama zobe. Sai ki riƙe zoben da lafaffiyar filaya, ki naɗa jelar sau biyu ko uku a wancan filin da kika bari, kowane naɗi ya manne da ɗan'uwansa har ya taɓa dutsen. Ki yanke saura, ki danne bakin. Daga nan ki goga shi a jikin wani tsohon ƙyalle. In ya kama zare, zai kama fatar mai sakawa, ki ƙara dannewa.

Na farko zai fito a karkace, na biyar ma haka. Ki yanka guntaye ashirin na jan ƙarfe ki yi su a jere, ki ajiye na farkon kusa da na ƙarshen ki duba. Biyun da suka fi kama da juna, ki sa musu maratayi, 'yan kunnenki na farko ke nan.