Hasashen NiMet ko alamun gargajiya: wanne manomi zai bi?

Manoman dankali a Jos, Mangu da Bokkos sun yi ta tambaya: lokacin shuka, hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, za su bi ko alamun da suka gada?

Ruwan da ke sauka a Filato daga Tekun Atlantika iskar damina ke ɗauko shi. Ɗumin ruwan Mashigin Tekun Gini, da ke kudu da Najeriya, na iya riƙe damina a kudu, ta makara a arewa. Can Tekun Fasifik ma, idan ruwa ya yi ɗumi fiye da kima, abin da ake kira El Nino, sau da yawa damina kan ragu a yankin Sahel. Shamuwa ba ta san wannan ba. NiMet kuwa da irin waɗannan ma'aunai take fitar da hasashenta a farkon shekara, watanni kafin yayyafin fari. Nan ta yi zarra.

Sai dai hasashe na yanki ne, ba na gonarka ba. A tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ƙauye kan jiƙe maƙwabcinsa na ƙura. Dattijon da ya san iskar gonarsa ya fi gane ruwan gobe, amma ruwan yaudara kan ci masa iri.

Kuɗi? Dukansu kyauta ne.

Mai babbar gona, musamman wanda ya ci bashin taki, hasashe ya fi dacewa da shi tun wajen zaɓen iri. Mai 'yar gonar bayan gida, da zai iya sake shuka ba asara mai yawa, alamun gargajiya sun wadatar da shi.