Procreate a hannun mai zanen littafin yara: inda take cika alƙawari da inda take gazawa

Procreate manhajar zane ce ta kamfanin Savage Interactive da ke Hobart a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, kuma ta fito tun 2011. A iPad kaɗai take aiki, sai ƙaramarta mai suna Procreate Pocket da aka yi wa iPhone. Babu ta a Android, babu ta a kwamfuta, don haka duk abin da ka gani da wannan suna a Play Store ba ita ba ce. Sau ɗaya ake sayenta, dala 12.99 a shagon Apple na Amurka, babu kuɗin wata-wata, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet. Ga mai aikin da littafi ɗaya kan ɗauke shi wata huɗu zuwa shida, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Hukuncin a taƙaice shi ne: daga zanen farko na gwaji har zuwa gama launi, da wuya a sami abin da ya kama ƙafarta a wannan farashi. Amma littafi ba ya ƙarewa a cikinta. Wanda ya ɗauka zai fitar da fayil daga Procreate ya miƙa wa maɗaba'a kai tsaye, zai sha mamaki ranar da aka kawo masa kwafin farko.

Kafin manhajar, alƙalami

A nan mutane suka fi yin asarar kuɗi. Apple Pencil, alƙalamin zane na iPad, iri huɗu ne: na farko na 2015, na biyu na 2018, mai USB-C na 2023, da Pro na 2024. Mai USB-C shi ne mafi araha, kuma shi ne wanda bai dace da wannan aiki ba, domin ba ya jin nauyin hannu. Ko ka danna ko ka sassauta, kaurin layin ɗaya ne. Zanen yara kuwa a kan wannan bambanci yake rayuwa: layin kunci mai laushi, layin gira mai ƙarfi, wutsiyar akuya da ta fara da kauri ta ƙare siririya. Yawancin alƙaluman kwaikwayo da ake sayarwa a kasuwa su ma haka suke, suna rubutu lafiya lau amma ba sa jin dannawa. Sannan kowane alƙalami da irin iPad ɗin da yake karɓarsa, sai an duba lambar samfurin kafin a biya.

Gilashin ma akwai magana. A iPad na gama-gari akwai ɗan tazara tsakanin gilashi da allon da ke ƙarƙashi, sai ka ga bakin alƙalami a nan, layin yana fitowa ɗan nesa kaɗan. A iPad Air da iPad Pro an manne su, tazarar ta ɓace. Ana sabawa da na farkon, amma mai yin idanu da yatsun yara duk rana zai ji bambancin. Santsin gilashi kuma ana maganinsa da leda mai ɗan kaushi irin ta Paperlike. Tana ba hannu jin takarda, sai dai tana cin bakin alƙalami, tana kuma ɗan dusashe launi. A ajiye bakin canji a kusa.

Tsara littafin

Littafin hoto na yara yawanci shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe manyan takardun ɗab'i takwas-takwas ko sha shida-sha shida. In an cire shafin suna da na haƙƙin mallaka, abin da ke saura wa labari buɗi 14 ne ko kusa da haka, wato shafi biyu-biyu masu fuskantar juna. Aikin farko na mai zane shi ne ya raba labarin a kan waɗannan buɗe-buɗe da ƙananan zane, kowanne bai fi akwatin ashana ba, don ya ga inda zai ɓoye abin mamaki a bayan juyin shafi, inda zai matso kusa da fuska, da inda zai ja baya a ga gari gaba ɗaya.

Tun fitowar 5.2 a 2021 aka saka Page Assist, wanda ke mayar da kowace leya (shimfiɗar zane da ake ɗorawa kan wata) ko rukunin leyoyi shafi guda, ya jera su a ƙasan allo. Kana iya jan shafi na 9 ka kai shi bayan na 12 da yatsa, ka fitar da duka a PDF ɗaya ka aika wa edita. Don littafin gwaji wannan abu ne mai kyau ƙwarai, kuma ya rage yankan takarda da liƙi. Amma a tsaya a nan. Kada a yi zanen ƙarshe a cikinsa, domin shafuka 32 ɗin duk suna cin rabon leya na fayil ɗaya. A yi gwajin a ƙaramin ƙarfi, kamar dpi 150, wato ɗigo 150 a kowane inci, sannan kowane buɗi na ƙarshe ya sami fayil nasa.

Ranar buɗe fayil ita ce ranar da ake ɓata littafi ko a gyara shi

Procreate da fiksel, wato ƙananan ɗigon hoto, take aiki, ba da lissafin layi irin na CorelDRAW ko Illustrator ba. Abin da ka zana ƙarami ba ya girma sai ya yi hazo. Saboda haka kafin a ja layi ko ɗaya, sai an san girman littafin daga kamfanin wallafa ko maɗaba'a.

Ɗauki littafi mai inci 8.5 tsawo da faɗi. Buɗinsa inci 17 ne a kan 8.5. Ana ƙara rarar gefe inci 0.125, kimanin milimita 3, a kowane ɓangare, wadda wuƙar maɗaba'a za ta yanke, don kada farin zare ya fito a bakin shafi in wuƙar ta ɗan kauce. Fayil ya zama inci 17.25 a kan 8.75. A dpi 300 wannan fiksel 5175 ne a kan 2625, sama da miliyan 13 da rabi. Kowace leya a irin wannan fayil tana cin kusan megabait 54 na ƙwaƙwalwar na'ura, shi ya sa manhajar take ƙayyade yawan leya gwargwadon girman fayil da ƙarfin iPad ɗin. Tana nuna adadin a daidai lokacin da kake shigar da awo. A duba shi da kyau. Buɗi mai yara uku, kaka, kaji da bango yana son leya talatin zuwa arba'in in ana so a bar kowane mutum a ware don gyaran edita, kuma tsohon iPad mai ƙaramar ƙwaƙwalwa zai tilasta maka haɗe leyoyi tun aiki bai yi nisa ba. Dabarar ita ce a kwafi fayil ɗin kafin kowace haɗewa, a bar na asali a gefe.

Manhajar ba ta da wurin saita rarar gefe ko alamar yanka, kuma wannan gibi ne na gaske ga mai aikin littafi. Sai mutum ya zana wa kansa leyar jagora: layin yanka, layin tsaro kamar rabin inci daga ciki, da layin tsakiya inda ɗinki zai cinye. Fuska, hannu ko rubutu kada su faɗa tsakiyar nan. A yi wannan fayil sau ɗaya, a riƙa kwafarsa don kowane buɗi.

Wani tarko da ba a faɗa wa sabon shiga: in ka ja wani abu ya fita bakin fayil ka sake shi, ɓangaren da ya fita ya yanke ke nan, ba ya dawowa sai da komawa baya nan take. Haka kuma duk juyawa ko rage girman zane yana ɗan cin kaifinsa. A saita Interpolation a kan Bicubic, kuma a yi juyin sau ɗaya maimakon sau biyar.

Zanen kansa

A nan ne take haskawa. Layi yana bin alƙalami ba jinkiri, taɓa allo da yatsa biyu yana mayar da kai baya, yatsa uku yana dawo da abin da ka soke, har hannu ya saba ya riƙa yi ba tunani. Burushin 6B Pencil yana ba da zanen gwaji mai rai, Dry Ink da Studio Pen suna isa ga layin ƙarshe, kuma ba dole ba ne a sayi ɗaruruwan burushi da ake tallatawa. Littafi ɗaya burushi uku ko huɗu yake so. Fiye da haka, shafuka sukan daina kama da 'yan gida ɗaya.

Babbar wahalar littafin yara ita ce yarinyar shafi na 4 ta zama ita ce a shafi na 29: tsayinta, yawan kitsonta, zanen atamfarta, girman kanta a kan jikinta. Procreate tana da abubuwa uku da ke taimakawa sosai. Akwai taga ta Reference da ke shawagi a gefen allo, inda za ka ajiye takardar kamannin jarumar, gaba da baya da gefe, tana kallonka duk lokacin aiki. Akwai jerin launuka mai gurbi 30 da za ka cika tun farko, fatar kowa, inuwarta, kayansa, ka hana kanka ɗauko launi da ido. Sannan ana iya adana girman burushi har huɗu a kan ma'aunin gefe, don kaurin layi ya zama ɗaya daga farkon littafi zuwa ƙarshe. Wannan na ƙarshen ƙaramin abu ne, amma shi ke hana shafi ɗaya ya fito da layi kamar igiya, na kusa da shi kamar zare.

Wajen zuba launi, ColorDrop yana cika fili da ja ɗaya, sai dai da burushi mai kaushi yakan bar farin rami-rami a bakin layi. Maganinsa a riƙe alƙalami bayan an saki launin, a ja dama har cikawar ta shige ƙarƙashin layi. Mafi tsafta kuma a mai da leyar layi ta zama Reference, a zuba launin a wata leya ta ƙasa. Inuwa da haske a yi su da Clipping Mask, mai hana launi fita daga zanen leyar ƙasa, a kan kowane mutum, ta yadda in edita ya ce a canza rigar yaro daga ja zuwa kore, aikin minti biyar ne.

Launi a allo da launi a takarda

Tun Procreate 5 a ƙarshen 2019 ana iya buɗe fayil a CMYK, tsarin tawada huɗu na maɗaba'a. Amma zaɓin na lokacin buɗewa ne kawai. Fayil da aka fara a RGB, tsarin launin allo, ba ya komawa CMYK a cikin manhajar. Kuma ko an zaɓi CMYK, babu abin da ke auna jimillar tawada a wuri ɗaya, alhali takarda mai sheƙi ba ta son abin da ya wuce kashi 300 cikin ɗari, marar sheƙi kuma ƙasa da haka. In an zarce, duhun dare a shafi yakan ƙi bushewa ya shafi na kusa da shi.

Allon iPad yana da haske da faɗin launi fiye da abin da tawada za ta iya. Shuɗi mai ƙyalli, shunayya, tsanwa da ruwan lemo su ne ke fara mutuwa a takarda. Abin da ya fi damun mai zana yaran Afirka kuwa shi ne fata. Ruwan ƙasa mai kyau a allo yakan fito da duhu fiye da kima, ko ya karkata zuwa ja ko toka, domin ɗigon tawada yana bajewa a takarda, musamman marar sheƙi, sai ido da baki su nutse a fuska. A sa fatar ta ɗan fi yadda ake so haske, a guji yin inuwarta da baƙi, a yi da ja mai duhu ko shunayya, a kuma tabbata layin fuska ya fi fatar duhu sosai. A kashe True Tone da Night Shift, masu sauya launin allon iPad, a rage hasken allo zuwa rabi. A tambayi maɗaba'a tsarin launin da suke aiki da shi, misali FOGRA39, domin manhajar tana karɓar fayil ɗin ICC, mai ɗauke da wannan tsari. Fiye da komai, a buga buɗi biyu na gwaji a ainihin takardar da za a yi littafin, ɗaya mai rana ɗaya mai dare, kafin a yi wa sauran launi.

Rubutu kuma kada a saka shi a nan. Akwai abin rubutu tun 2019, yana karɓar fon, wato salon haruffa, na waje, kuma ya isa a gwada inda kalmomi za su zauna. Amma a PDF ɗin da manhajar ke fitarwa rubutun hoto ne, kuma baƙinsa yakan zama haɗin tawada huɗu, wanda in faranti ɗaya ya ɗan goce sai haruffa su yi inuwa, yaro mai koyon karatu ya sha wuya. A fitar da zanen a TIFF ko PSD, a jera rubutun a InDesign, Affinity, Scribus na kyauta, ko CorelDRAW da maɗaba'un Najeriya suka saba da ita, da baƙar tawada zalla. In littafin na Hausa ne, a gwada ɓ, ɗ, ƙ da manyansu tun kafin a zaɓi fon, domin yawancin fon masu ado na yara ba su da su, sai na'ura ta aro harafin daga wani fon ya fito bare a tsakiyar kalma. Andika na SIL, wanda aka ƙera don masu koyon karatu, yana da su duka kuma kyauta ne.

Ajiya

Ayyukanka a cikin manhajar suke zaune. In aka goge ta, ko iPad ya ɓata ba tare da an adana a wani wuri ba, aikin wata shida ya tafi. Duk ƙarshen rana a fitar da buɗin da aka taɓa a tsarin fayil na Procreate, mai riƙe leyoyi, zuwa iCloud, Google Drive ko filashi. Apple ta ce iPad yana aiki daidai ne tsakanin digiri 0 da 35, don haka a zafin bazara allon yakan rage haske da kansa, abin da ke rikita hukuncin launi. A bar aikin launi zuwa safiya ko dare, kuma kada a zana ana caji a ɗaki mai zafi.

Manhajar tana ɗaukar bidiyon duk layin da ka ja, ana iya fitar da shi cikakke ko na daƙiƙa 30. Yana ƙara wa fayil nauyi, amma kada a kashe shi. Yanzu da kamfanonin wallafa ke tambayar ko hannu ne ya yi zane ko na'ura, wannan bidiyo shaida ce a hannunka. Kamfanin da kansa, ta bakin shugabansa James Cuda a Agustan 2024, ya ce ba zai saka fasahar ƙirƙirar hoto ta AI a manhajojinsa ba.

Wanda yake da kwamfuta kuma kuɗinsa bai kai iPad da alƙalami mai jin dannawa ba, manhajar Krita ta kyauta da ƙaramin allon zane na Wacom ko Huion za su fitar masa da littafi, kuma sun fi sassauci wajen yawan leya da sauya tsarin launi. Wanda zai sayi iPad saboda wannan aiki kuwa, ya fifita yawan ƙwaƙwalwa da girman allo a kan sabuntar samfuri, ya ɗauki ma'ajiya aƙalla gigabait 128, ya kuma tanadi kwamfutar da za a jera rubutu a kanta, tasa ko ta maɗaba'a.