Kafin ka sayi fili ko gidan haya: ina za ka samo hasashen ayyukan yi?

Albashi ne ke biyan kuɗin haya, don haka mai son zuba jari a gidaje a Kano, Kaduna ko Abuja ya fara sanin ko masu albashi za su ƙaru a yankin.

Mafi sauƙin samu shi ne rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, kuma kyauta ne. Sai dai a karanta shi da lura. Ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, a farkon 2023 kuma kashi 4.1. Ba ayyuka ne suka yi ambaliya ba, ma'auni aka sauya: wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako yanzu ma'aikaci ne. Sama da kashi 90 na ma'aikatan masu sana'ar kai ne da 'yan buga-buga, ba kowannensu ke iya biyan hayar shekara a dunƙule ba.

Abin da ya fi amfani a wurin NBS shi ne rahoton kuɗin shiga na jihohi, layin harajin albashi na PAYE. Jera na shekaru biyar, ka ga ko yana hawa. Ka tuna ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024 zai ɗaga adadin ko da ba a ɗauki mutum ɗaya aiki ba.

Rahotannin kamfanonin da ke nazarin kasuwar gidaje irin su Knight Frank da Estate Intel suna da kyau ga Legas da Abuja. A Zariya ko Gusau ba su wadatar ba.

Inda aka fi asara shi ne sanarwar manyan ayyuka. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kano, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, tashar sauke kaya ta tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, duk suna sa dillalai su ninka farashi tun ba a ga ma'aikaci ba. Leburorin gini kuwa da an gama suke watsewa. Ka tambaya: mutum nawa za su zauna dindindin, kuma albashinsu nawa?

Idan unguwa guda kake dubawa, ka biya ƙwararren mai kimanta gidaje mai rajista da ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, ya kawo maka hayar gidaje goma na shekaru uku da watannin da kowanne ya yi babu ɗan haya.