Goge sa hannu a Acrobat da a Word: ba wuri ɗaya yake kwana ba

Hajiya, Allah ya sanya alheri a sabon wurin aiki. Kin ce an yi miki canjin ma'aikata a Sakatariyar Tarayya, za ki miƙa kwamfutar ofis ga wanda zai gaje ki, kuma kin daɗe kina sa hannu a takardu da Adobe Acrobat Reader da kuma Word. Kina so ki san ko hanyar gogewa ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce, saboda manhajojin biyu ba wuri guda suke ajiye sa hannun ba.

Acrobat yana da ma'ajiyar sa hannu tasa. Ranar da kika zana shi ko kika ɗora hotonsa a sashen Fill & Sign, akwai ɗan akwatin da ke cewa a adana. Idan kina cikin asusunki na Adobe a lokacin, to sa hannun ya tafi rumbun kamfanin a intanet, shi ya sa kike ganinsa a wayarki ma. Gogewar ba ta da wuya: ki buɗe kowace takardar PDF, ki shiga Fill & Sign, ki danna alamar sa hannu, za ki ga ƙaramar alamar cirewa a gefensa. Ki duba ƙasa da shi, domin gajeren sa hannu na haruffan farkon suna ajiyarsa daban ce, mutane da yawa suna mantawa da shi. Abin lura shi ne asusun na wane ne. In na ofis ne, gogewa dole. In naki ne, goge shi a nan zai ɗauke shi har a wayarki, don haka ya fi ki fita daga asusun, sannan ki sake buɗe Fill & Sign ki tabbatar babu abin da ya rage.

Word kuwa ba shi da irin wannan ma'ajiya, kuma a ganina shi ya fi haɗari. Na Acrobat kamar kuɗi ne a banki, na Word kamar kuɗin da aka cusa a ƙarƙashin katifa da aljihun riguna. Abin da yawancinmu ke kira sa hannu a Word hoto ne kawai: an sa hannu a farar takarda, an ɗauka da waya, an liƙa. Idan kin taɓa adana shi don saurin aiki, yana cikin Quick Parts a ƙarƙashin Insert. Ki buɗe Building Blocks Organizer, ki nemo shi, ki goge. Lokacin rufe Word, in ya tambaye ki ko ya adana canjin, ki amince, in ba haka ba gobe za a tarar da shi yana nan. Bayan wannan sai farautar asalin hoton: jakar hotuna, jakar abubuwan da aka sauke, fuskar kwamfuta, kwandon shara, da duk takardar ofis mai tambari da kika liƙa shi a ƙasanta don kada ki riƙa maimaitawa.

Ga abin da ke tayar min da hankali. Fayil ɗin Word mai ƙarewa da docx jaka ce da aka dunƙule, duk wanda ya warware ta zai tarar da hoton sa hannunki a ciki, tsaf. Ko bai iya wannan ba, danna dama da linzami ya ishe shi ya kwafe. Duk wasiƙar da kika taɓa turawa ta WhatsApp a buga miki a shagunan buga takardu na UTC a Area 10, Abuja, a siffar Word, da sa hannunki ta tafi. A Acrobat, da zarar an adana takardar, sa hannun ya manne da shafin, ba a ɗaga shi cikin sauƙi haka, ko da yake ana iya ɗaukar hoton allo. A duka biyun dai, goge ajiyar ba ya janye sa hannu daga takardun da suka riga suka fita.

Akwai kuma nau'i na biyu, sa hannu mai shaidar dijital, wanda ke neman kalmar sirri. A Acrobat ana cire shaidar ta Preferences, sashen Signatures, idan a can aka ƙirƙire ta, kuma fayil ɗinta yakan ƙare da pfx. Wadda Word ke amfani da ita tana cikin ma'ajiyar shaidu ta Windows, can za a bi ta. In ma'aikata ce ta ba ki, ki sanar da su a rubuce su soke ta.

Dalilin da na dage shi ne doka. Sashe na 93 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da sa hannu na lantarki, sashe na 17 na dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ya ɗora wa mai musun sa hannun nauyin tabbatar da cewa ba nasa ba ne. Mai yin jabu zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 7, amma kafin a kai can ke ce za ki yi ta zirga-zirga.

In kuma kina shirin sayar da iPhone a kasuwar waya ta Banex a Abuja, shi ma yana riƙe sa hannu a Markup, wato sashen rubutu da zane a kan hoto ko takarda, ki cire, ki fita daga iCloud, ki share wayar gaba ɗaya. Game da kwamfutar ofis, bayan kin gama duk wannan, ki roƙi masu kula da kwamfutocin ma'aikatar su goge asusunki na Windows baki ɗaya kina tsaye, su buɗe wa magajinki nasa sabo, kuma a rubuta hakan a takardar miƙa aiki.